Yadin Ƙasan Adaka

In ka tambayi Balaraba, cewa za ta yi laifin yadin akoko ne. Amma Malama Sa'adatu mai koyar da ɗinki ta sha faɗa musu cewa sabon akoko sai an wanke shi kafin a sa masa almakashi, don in ya ga ruwa takurewa yake yi. Da aka ɗora wa Balaraba ɗinka kayan wasan kwaikwayon ƙarshen shekara a makarantarsu ta 'yan mata, ɗoki ya mantar da ita. Ta zana, ta yanka, ta ɗinka, komai ya yi kyau, har ranar da aka wanke rigar alƙali. Halima, doguwar yarinyar da za ta fito a alƙali, ta saka ta, riga ta tsaya mata a cinya kamar ta aro ta ƙaninta. Aji ya fashe da dariya. Malama kuwa ba ta yi ba. Ta ce yadin makaranta ya ƙare, wasa ran Asabar ne, Balaraba ta san yadda za ta yi.

Ran Laraba ke nan. Ta koma gida Unguwar Shanu hankali a tashe, ta birkice ɗakin uwarta ba ta sami komai ba. Sai ta faɗa ɗakin kakarta Hajiya Mero, wadda ba ta fi wata huɗu da dawowa Kaduna wurin ɗanta, uban Balaraba, ba. Tsohuwar ta tafi barkar haihuwa. A can ƙasan adakarta, ƙarƙashin zannuwa, ga farin yadi a naɗe, yana ƙamshin turare. Balaraba ta ce a ranta ai Hajiya ta manta da shi. Kun ga 'yar boko ke nan! Ta san sunayen kogunan Ingila, amma ba ta san abin da tsohuwa ke yi da farin yadi a ƙasan adaka ba.

Ran Alhamis ta hau keken ɗinkin makaranta, kafin a tashi riga ta fito, ta zauna wa Halima ɗas. Malama har da dafa mata kafaɗa.

Da la'asar tana tankaɗe a tsakar gida, wata maƙwabciya ta shigo tana ba Hajiya labarin wata rasuwa, yadda aka yi ta neman likkafani har rana ta yi.

Hajiya ta ce, "Ni kam alhamdu lillahi, nawa yana ajiye. Shekara shida muka yi a hanyar Makka, da ƙafa. Malam maigidana a Sudan ya rasu, na ƙarasa ni kaɗai. A can na sayi yadin, da hannuna na tsoma shi a zamzam. Shi kaɗai na dawo da shi. Gobe ma bayan Juma'a zan fito da shi ya sha iska."

Rariya ta suɓuce daga hannun Balaraba. Uwarta ta yi mata faɗan ɓarnar gari, ba ta ma ji ba.

Da safe ta tafi makaranta, amma ƙafafunta suka bi da ita ta kasuwa. Ga farin yadi nan birjik a rumfuna, iri ɗaya sak. Ta yi tunanin ta roƙi uwarta a samo wani, ta jiƙa shi a famfo, ta turara, ta mayar. Wa zai gane? Sai ta tuna ranar da za a naɗe Hajiya a cikinsa, kowa yana cewa na zamzam ne, ita kaɗai ta san ruwan famfo ne. Tsoro ya kama ta, ta bar wurin da gudu.

Ta sami Malama ta ce a ba ta rigar, akwai gyara a wuya. Ta shige bayan aji da reza, ta shiga farke ɗinkin da ta yi alfahari da shi jiya, tana kuka tana addu'a ko Allah zai sa ya koma yadda yake. Ina! Gaba daban, baya daban, hannuwa biyu, ga ramin wuya a buɗe. Ta je kwandon shara ta tsinto ƙyallayen da ta zubar, har da ƙanana kamar ganyen tsamiya, ta ƙulle duka a ɗankwalinta. Batun abin da alƙali zai saka gobe ko a jikinta, Halima ta aro rigar ubanta.

Ta iso gida ana saukowa daga masallaci. Hajiya tana zaune gaban adaka a buɗe, zannuwa a warwatse, tana ta laluben ƙasan da babu komai. Balaraba ta durƙusa, ta kwance ƙullin a gabanta.

"Hajiya, ni ce. Wallahi ban sani ba. Ki dake ni, ki faɗa wa Baba, ki yi mini duk abin da kika ga dama."

Tsohuwar ta ɗauki hannun riga ɗaya ta shinshina, ta daɗe tana riƙe da shi, hawaye na bin tamojin fuskarta. Da zagi ta yi, da ya fi wa Balaraba sauƙi.

Can ta ce, "Kin zubar da wani abu daga ciki?"

"Ko zare ban bari ba."

Hajiya ta share fuska da bakin mayafi, ta jawo tabarma, ta miƙe a kai, ta haɗa ƙafafu.

"To, 'yar boko, an ce kin iya awo. Auna ni."

"Hajiya, don Allah..."

"Auna ni, na ce. Dama wata ce za ta ɗinka shi ranar da ba na gani. Gara ke, ina kallo."

Balaraba ta jera yankunan a gefen Hajiya, daga kai zuwa ƙafa. Ta juya wannan, ta gyara wancan, ta toshe ramin wuya da ƙyallen da ta tsinto. Ya kai, da ƙyar, babu rarar ko ɗan yatsa.

Hajiya ta leƙa ta gani, ta ce, "Allah ya taimake ki na tsufa. Da na saye shi na fi haka tsawo." Ta tashi zaune, ta zaro zare daga gefen yadin ta miƙa mata. "Ba da keke ba, da hannu. Kuma ki matse ɗinkin, Laraba, ba na son ƙasa ta shigar mini."

Balaraba ta karɓi zaren. Sau uku tana neman kafar allura, hawaye bai bar ta ta gani ba.