Inda Aka Ɗaura Harami

A unguwar Mansur ta Makka kowa ya san Ma'aruf da aiki biyu. Lauya ne mai ofis a saman wani shagon turare, kuma hafsan sojan ruwa ne na ko-ta-kwana, wanda duk shekara ake kiransa Jidda ya yi makonni a teku. Mahaifiyarsa, Hajiya Ɗaso, aiki ɗaya kawai ta amince da shi. In an tambaye ta sai ta ce ɗanta muhami ne, wato lauya. Farin kakin nan da yake taƙama da shi, ko kallo bai ishe ta ba.

Bai taɓa jin haushi ba, don ya san dalili. Tana 'yar shekara bakwai suka tsallako teku daga tashar Sawakin a jirgin katako za su aikin hajji, mahaifinta ya rasu a hanya, aka sa shi a ruwa. Ita dai teku ta ci mata uba, magana ta ƙare.

Shekarar da zai ajiye kaki, wata Juma'a bayan an ci shinkafa, ta ce masa kowa yana da kabarin da ake tsayawa a yi masa addu'a, ban da Babanta. Tana son ta tsaya a kansa sau ɗaya kafin ƙafafunta su ƙi ta gaba ɗaya. Abin ya sosa masa zuciya ƙwarai.

Ya fara ta hanyar lauyoyi, wato neman takarda. Wata biyu yana yawon ofisoshi, bai samo ko sunan jirgin ba. Da ya gaji sai ya zaunar da tsohuwa ya yi mata irin tambayoyin da yake wa shaidu a mahkama. Kwana nawa suka yi? Ba ta sani ba. Ina rana take? A sama, in ji ta, ta kuma gargaɗe shi kada ya mayar da ita ɓarauniya. Sai ya tambayi abin da aka yi wa mahaifinta likkafani da shi.

"Haraminsa mana, ya waladi, ɗana. Mai jirgi ya yi shela da hantsi maza suka ɗaura, ana ta Labbaika. Bai kai azahar ba. Ko kansa ba a rufe ba."

Ma'aruf ya ajiye biro. A wancan zamani masu jirgi ba sa shelar harami sai sun zo daidai miƙati, jirgin da ya taso daga Sawakin kuwa daidai Yalamlam yake yi. Lauya ya gama nasa, saura sojan ruwa. Ya shimfiɗa taswira a kan tabarma, ya auna tafiyar jirgin ruwa mai amfani da iska daga hantsi zuwa azahar, ya zana ɗan da'ira. Ya gaya mata gaskiya cewa kusa ne kawai, ba daidai ba.

Suka ɗauki hayar jirgin wani masunci mai suna Hamad. Hajiya ta shiga da rigar ceto a kan abaya, tana riƙe da hannun ɗanta kamar za ta karya shi. Da suka kai wurin, Hamad ya kashe inji. Ruwa ne kawai ko'ina, shuɗi, kwance.

Ta yi sallama irin ta maƙabarta, ta yi addu'a mai tsawo. Sannan ta leƙa ruwan ta yi magana da Hausar Sakkwato da Ma'aruf ya daɗe bai ji a bakinta ba.

"Baba, mun isa Makka lahiya. Inna ta yi hajjin. Ga jikanka nan, shi ya gano ka. Sojan ruwa ne."

Ma'aruf ya juya yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara. Ita kuwa ta goge fuska, ta tambaya ko an taho da shayi.