Zare Biyu a Hannun Baba

Tun da aka buɗe gada tsakaninmu da Thailand, kwale-kwalen babana, Khamsouk, yake kife a bakin kogin Mekong. An sassauta binciken iyaka, kaya na wucewa ta sama, ba mai neman jirgi. Baba ya kasa zama. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya leƙa ruwa, ya dawo. Daga ƙarshe ya koyi tuƙi.

Iya Vilai mai fataucin kabeji ta ce za ta gwada shi sau ɗaya: in ya kai kaya tsallake ya dawo lafiya, aikin direba nasa ne. Na bi su don sauke kaya.

Mu a Laos hannun dama muke bi a titi, su can hagu. Sai Baba ya yi dabara. Farin zaren albarka da ake ɗaura mana a wuyan hannu, muna isa gada ya mayar da shi daga dama zuwa hagu.

"Inda zare yake, nan hanyata take," in ji shi.

Muka isa kasuwa lafiya. Sai ga Prasert, tsohon mai jirgin wancan gefe, yanzu kaji yake gasawa.

"Kai, kadan ruwa! Wa ya ba ka sitiyari?"

"Wanda ya ba ka kaji, tsohon banza!"

Suka ci shinkafa mai danƙo a kwando ɗaya, irin tamu sak. Da za mu tashi, Prasert ya ɗauko farin zare, don su ma al'adarsu ce, ya kama hannun daman Baba ya ɗaura yana masa fatan sauka lafiya. Wa ke ƙin zaren albarka?

Muna hawa titi Baba ya dubi hannunsa, ya ga zare a dama, ya bi dama. Wata tirela ta yo kanmu tana hon. Baba ya taka burki, kwanduna suka watse.

Iya Vilai ta daɗe tana haki.

"Yaya Khamsouk, sauko." Ta juyo gare ni. "Somphet, ka iya tuƙi?"

"Na iya, Iya."

Aikin da Baba ya nema, ni aka ba. Ya zauna gefena yana ta kaɗa ƙafa, idonsa a kan ruwa. Muna sauka daga gada ya taɓa gwiwata a hankali.

"Koma dama, ɗana. Mun zo gida."