Jar Tutar Akwatin Orrin

"Sauko min da kwalin nan na kan firij, Maxine," in ji Orrin, tun ban ajiye kwanon miyar da na kawo masa ba.

Na sauko da shi. Ɗan kwali ne daga asibiti, da kwalba a ciki. Mutum ya tofa yawu, ya rufe, ya mayar ta gidan waya, shi ke nan. Wata huɗu yana can yana shan ƙura.

'Yarsa Darla na wanke-wanke, ta ba mu baya. "Baba, don Allah kada ka fara."

"Wa ya ce farawa nake? Ƙarasawa nake yi."

Shekara talatin Orrin Halvorsen yana raba wasiƙu a ƙauyukanmu na arewacin Minnesota, ni kuma ƙofata na kallon tasa. Ciwon daji ya fara kama shi a hanji, aka yanke. Bayan shekara shida ya fito a ƙoda, aka cire ta. Yanzu ga shi a tumbi, magani ya ƙi ci, an sallamo shi gida. Ranar da na ce tsohon ciwon ne ya dawo, harara na sha.

"Likita ta ce kowanne zaman kansa yake. Baƙi uku, ba wanda ya san wani. Kin ga farin jini ko?"

A na ukun ne aka gano abin gado ne. Shi ya ɗauke mahaifiyarsa. Darla, 'yarsa tilo, ko ta gada ko ba ta gada ba, yawun nan kawai zai faɗa. In an sani, sai a riƙa duba ta a kai a kai, a tare shi tun yana ƙarami.

Ta juyo, hannu duk kumfa. "In sun ce ina da shi fa? In zauna ina jiransa?"

"Shekara goma sha huɗu na ƙara bayan na farko, yarinya. Kakarki ko wata uku ba ta samu ba."

Ta fice ta bar famfo na zuba.

An jawo masa gado bakin taga, inda yake hango akwatin wasiƙunsa a bakin titi. A ƙasar nan, in kana da saƙon da za a ɗauka, sai ka ɗaga 'yar jar tutar da ke jikin akwatin. Kullum da hantsi, lokacin wucewar motar wasiƙu, sai ya miƙa wuya, ya ga ko Darla ta saka kwalin ta ɗaga tutar.

"Tana kwance?"

"Tana kwance, Orrin."

"Ban taɓa wuce tuta a tsaye ba, ko ƙanƙara ta kai gwiwa."

Ni ba mai haƙuri ba ce. Wata rana na tare Darla a gareji na ce mata ba ta da tausayi. Ta dube ni, ido jawur.

"Ni nake wanke shi, Maxine. Ni nake ganin abin da ciwon nan yake yi. Ke miya kike kawowa."

Har yau maganar tana sukata, don gaskiya ta faɗa.

Ya rasu ranar Talata da azahar, hannunsa a nata. Da safen nan ma sai da ya tambaya, na ba shi amsar kullum. Na so in yi masa ƙarya, na kasa, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo.

Kwana uku da binne shi, na fito da shebur in kwashe ƙanƙarar da ta zuba. Sai na ga sawun mutum ɗaya daga ƙofar Orrin zuwa bakin titi, ya koma. Tutar na tsaye, jawur. Na juya in kalli tagarsa. Gadon na nan, an naɗe katifar.