Duba-Gari Ta Daina Kawo Dusar Katako

Tun ranar da Inna Tela ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, Auta ya yanke hukuncin cewa ita da matattakala sun yi sallama. Auta shi ne ɗanta na ƙarshe, a gidansa take zaune a saman wani tsohon bene, kuma irin mutanen nan ne da in suka so ka sai ka rasa inda za ka sa kanka. Ya sayo mata kujera mai taushi, ya sayo na'urar awon jini, ya raba ta da gishiri. Ƙashi ya ɗinke tuntuni, likita ma ya ce ta riƙa ɗan takawa, amma Auta ya ce ai falon yana da faɗi, ta taka a nan.

Matar da ta ƙare ƙuruciyarta a shagon ɗinki a bakin layin nan, wadda rabin magidantan unguwar da wandon makaranta na hannunta suka girma, ita aka ajiye a gaban taga. Tagar ma ba layi take kallo ba. Rufin kwanon shaguna take kallo, da tankunan ruwa, da shanyar mutane.

Abin da ya hana ta zaucewa kyanwa ce, wata baƙa mai yagaggen kunne da ake kira Duba-Gari, don babu shagon da ba ta shiga ta duba. Kullum da safe ta fice ta taga, ta bi bakin baranda, ta dira kan rufin shaguna, sai la'asar a gan ta. In ta dawo sai Inna ta ɗora ta a cinya ta bi gashinta da yatsu. Fulawa a gadon baya, to mai burodi ya samu kasuwa. Baƙin mai a tafin ƙafa, bakanike ya sauke injin wani. In kuwa ta zo tana ƙamshin hoda tana atishawa, mai aski ne ya kore ta daga kujerarsa. Da haka Inna take sanin halin da layi yake ciki, ba ta roƙi labari a bakin kowa ba.

Amma dusar katako take fara nema. Kafinta shagonsa manne yake da nata tun suna da ƙarfinsu, shi ya ƙera mata teburin yanka, kuma ba a yi ranar da suka wuni ba su yi faɗa ba, shi yana ƙorafin tsummokaranta, ita tana ƙorafin ƙurarsa. Injin yanka katako ya cinye masa kunne, don haka waya ba ta da amfani a wurinsa. Sai suka samo hanyarsu. Ita takan ɗaura wa kyanwar sabon ƙyalle a wuya, shi kuma ya soke ɗan nannaɗaɗɗen fatar katako, irin wanda ke fita in ana goge allo, a cikin ƙullin. Gaisuwar ke nan, kuma ta ishe su.

Sai fatar katakon ta daina zuwa. Ta canza ƙyalle, ta sake canzawa, ta sa ja mai ɗaukar ido ko tsohon bai gani ba ne. Shiru. Dusar ma ta ɓace daga gashin kyanwar. Ta tambayi Auta, ya ce Kafinta lafiyarsa ƙalau, aiki ne ya sha masa kai. Ta tambayi surukarta, matar Auta, a wata rana dabam, ta ce ai ta ji kamar ya yi tafiya. Inna ta ajiye amsoshin biyu a ranta.

Ana cikin haka karen bakanike ya bi wani mai babur, mutumin ya faɗa kwata ya gurɗe hannu. Kwamitin unguwa ya zauna. Mai Tattabara, wanda ɗakin tsuntsayensa yake can ƙololuwar benen su Inna, ya samu abin da ya daɗe yana jira, ya miƙe ya zazzage abin da ke cikinsa a kan kyanwoyi. Aka tashi a kan cewa daga yanzu ba kare ba kyanwa da za su sake taka layi sai da igiya a hannun mai su, wanda aka gani yana yawo kuma za a kira masu kamun dabbobi.

Mai Tattabara da kansa ya sauko ya faɗa mata, da ɗan shila matacce a tafin hannunsa. Inna ta dubi shilan, ba ta yi musu ba, don ta san halin kayanta, kuma ta ji tausayin mutumin har cikin ranta. Amma bakinta bai iya ajiye magana ba. Ta tambaye shi ko su tattabarun da ke yi wa shanyar mutane ado kullum, su ma igiyar za a sa musu. Ya ce nasa ba su taɓa cin na kowa ba. Sai ta ce ya gaida gida.

Washegari Auta ya zo da mai walda aka kafa raga a tagar. Inna ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Ta ce dabbar da aka halitta da ƙafa huɗu ba a yi ta don zaman falo ba, ta ce masu kwamitin duk ita ta auna ƙugunsu suna majina a hanci. Auta ya bar ta ta gama, sannan ya ɗauko na'urar awon jini. Wannan ya fi ragar ƙona mata rai.

Duba-Gari ta wuni tana kuka a jikin raga. Ta kwana ta tashi ta huce a kan kujera mai taushin nan, ta yi mata fata-fata da farce, Inna tana kallo ko tsawa ba ta yi mata ba. In ta ɗora ta a cinya yanzu ba abin da take ji a gashinta sai warin gidan da ita ma take ciki. Da yamma Auta yana cin abinci ta ce ya maimaita mata dokar daki-daki. Ya maimaita, yana murna a ransa tsohuwa ta sauko. Ta ce to, ta ji, sai da igiya a hannun mai ita.

Da safe, fitarsa aiki ke da wuya, ta buɗe tsohon gwangwanin zare ta zaro tef ɗin awo, wanda lambobinsa duk sun koɗe. Ta ɗaura a ƙyallen wuyan kyanwar, ta yafa mayafi, ta ɗauki sanda. Surukar ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tare ƙofa.

"Inna, don Allah ki rufa mini asiri. In ya dawo ni zai ci."

"Dokarsu nake bi, 'yar nan. Sun ce sai da mai ita, ga mai ita. Matsa."

Saukar ba ta yi kyan gani ba. Kyanwa ba ta san igiya ba, sai ta baje a ƙasa a ja ta, can kuma ta zabura kamar an watsa mata ruwa. A tsakiyar hanya dole Inna ta zauna ta riƙa sauka da mazaunai, surukar na biye da ita tana salati da waya a kunne. Amma ta sauka. Da iskar layi ta buge ta, hayaƙin mota da ƙamshin burodi da ƙarar guduma, sai da idonta ya kawo ruwa.

Layi ya ɗauka. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, ya bar mutum da rabin kai. Bakanike, da karensa ɗaure a jikin taya yana hamma, ya ce lallai yau akwai kallo. Mai Tattabara ya leƙo daga sama, ya ga igiya, ya ga mai ita, ya koma. Inna tana amsa gaisuwa tana zagin kowa da sunan da ta san shi da shi tun yana yaro. Sai dai ta lura, tana doso ƙarshen layi dariyar tana raguwa. Mai burodi ya sha gabanta da kujera, ya ce ta zauna ta huta, ya ce ga mai zafi yanzu aka fitar, ya ce rana ta yi. Kyanwar kuwa sai ja take, ta san inda za ta.

Shagon Kafinta a rufe yake. Kwaɗon ya fara tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a kusurwar ƙofa. A gefe ga akwatin da ya cika wa kyanwar da dusa don ta riƙa kwanciya, ruwan sama ya jiƙa ta ta dunƙule. Duba-Gari ta shinshina, ta haye, ta kwanta a haka.

Mai burodi ne ya faɗa mata, kansa a ƙasa. Ya ce a bakin aikinsa Kafinta ya faɗi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa, kuma an kwana biyu. Ya ce Auta ya bi shago-shago yana roƙo kada wanda ya bari ta ji, saboda jininta. Inna ta zauna a kan bencin da ke ƙofar shagon. Baƙin cikin mutuwar daban, baƙin cikin cewa layi guda ya haɗa baki ya mayar da ita ƙaramar yarinya daban, kuma a lokacin ba ta san wanda ya fi ci mata rai ba. Ta tuna jan ƙyallen da ta yi ta aikawa ga mutumin da yake kwance a ƙasa.

A nan Auta ya same ta, ya taho a guje daga wurin aiki, gumi har cikin kwalar riga. Ya ga kwaɗon, ya ga fuskarta. Ya durƙusa a gabanta kamar yadda yake yi yana yaro in ya fasa abu. Ya ce don ita ya yi, kuma ta san gaskiya ya faɗa.

"Inna, ki yi haƙuri mu koma sama," ya ce. "Yau ɗin nan zan sa a cire ragar. Kyanwa ta fita yadda ta saba, ni zan ji da kwamiti, ni zan ji da Mai Tattabara. Ke dai ki koma."

Abin da ta yi ta faɗa a kansa ke nan, ga shi an miƙo mata. Ta dubi kyanwar a cikin jiƙaƙƙiyar dusa. Duba-Gari dai ta yi iya yinta, ta dawo ba komai a wuya, ba ta yi mata ƙarya ba. Amma kyanwa ba ta iya zuwa gaisuwar mutuwa.

"Bar ragarka," in ji Inna. "Shilolin bawan Allah su huta. Ni na daina aike."

Ta sunkuya da ƙyar ta tono akwatin, ta samo fatar katako guda da ruwa bai kai gare ta ba, ta ƙulle a bakin mayafinta. Ta dafa sanda ta miƙe, ta tambayi mai burodi ko matar Kafinta tana nan a gidan nan na bayan famfo. Ya ce tana nan. Auta ya miƙo hannu zai kama ta, sai ta danƙa masa tef ɗin awo.

"Riƙe ta da kyau, kada a kama ta. In na dawo, gobe ma za mu fito."

Ya tsaya a tsakiyar layi da igiyar kyanwa a hannu, yana kallon bayanta har ta sha kwanar famfo.