Duniyar da Tauraro ke Ci

Yahya na cikin ɗaure dami sai ya hangi maƙwabcinsa, Baba Ɗanliti, zaune dirshan a kan kunya, magirbi yashe a gefe, rediyo na ta magana a aljihunsa. Ya saki igiya ya nufe shi.

Tsohon ya ce jiri ne kawai. Amma leɓunansa sun yi fari fat, kuma ya ƙi yarda a ɗaga shi sai an gama shirin. Labarin wata ƙatuwar duniya ake bayarwa, wadda tamu ba ta kai ko gefenta ba, tana kewaya wani tauraro can nesa. Masana sun ce kullum ƙara matsawa take kusa da shi, shi kuma yana zuƙe ta a hankali.

"Ita ta san ana cin ta?" in ji tsohon.

Yahya ya ce Allah ne masani, ya goya shi a babur zuwa gida.

Daga ranar tsohon bai sake taka gona ba. A asibiti aka ce zuciya ce. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Bayan la'asar Yahya kan leƙa, ya tarar da matar tsohon, Inna Safara'u, wadda idanunta suka daɗe da rufewa, tana laluben bakinsa da ludayin koko. Shi kuwa ba ya zancen ciwo, sai na waccan duniyar: ko akwai mai noma a cikinta, ko an faɗi ranar da za ta ƙare. Safara'u ta tsani zancen, har ta ɓoye rediyon.

Wata Laraba tsohon ya kama hannun Yahya. Tafinsa sanyi ƙalau.

"Gerona na tsaye, tsuntsaye na ci. Ka girbe mata. Kuma kada ka bari 'ya'yan ƙanena su kai ta birni. Ba ta san ɗakunansu ba."

Yahya ya ɗauki alkawari, bai san yadda zai cika na biyun ba.

Washegari da hantsi yana tsakiyar gonar tsohon ya jiyo salatin mata daga cikin gari. Bai ƙarasa kunyar ba.

Da aka dawo daga maƙabarta, Yahya ya tarar da baƙar motar 'ya'yan ƙanen marigayin a ƙofar gidan, an bar ta a kunne. Ya tsaya a zaure ya leƙa ciki. Safara'u na zaune a bakin ɗakinta, ta riƙe ƙyauren da hannu biyu.