Jinin Cakulan

Shekara goma sha ɗaya na yi ina jiƙa titunan Los Angeles da tiyo. Kada ka yi dariya, sana'a ce. A fim ɗin baƙi da fari busasshiyar kwalta ba ta da kyan gani, sai an jiƙa ta take sheƙi, don haka masu finafinan kisan kai ba sa ɗaukar ko taku ɗaya sai na riga su zuwa da tankar ruwa. Jini kuwa ruwan cakulan muke zubawa, don a majigi ya fi na gaske kama da jini.

Orville Tackett aminina ne, kuma da mutuwa yake cin abinci. Sau talatin da biyu ana kashe shi a fim, bai taɓa kaiwa rabin labari da ransa ba. Ga shi da shegen wasa: sai ya kwanta a ƙasa ya yi lamo don ya razana sababbin ma'aikata. Duk ranar da ya gama mutuwarsa wurina yake zuwa ya tambayi yadda na gani, wai daraktoci bakin ganga ne, ni kaɗai nake gaya masa gaskiya.

Wata Talata a 1948, da sassafe, na shiga wani lungu a bayan wani otal a Bunker Hill inda za a yi ɗauka. Kowa bai iso ba. Sai ga Orville kwance kusa da garwar shara cikin doguwar kwat ɗinsa ta wasa, hula ta gangara gefe, gaban rigarsa ya jiƙe sharkaf.

"Tashi, malalaci, ruwa zan saki," na ce masa.

"Lester," in ji shi, da ƙyar nake jin muryar, "kira likita."

"Wannan ba ya cikin takardar da aka ba ka. Kuma in gaya maka gaskiya, ta makon jiya ta fi wannan kyau. Wa ke mutuwa baki buɗe haka kamar kifi?"

Na kunna ruwa, na wanke lungun tas, ina kauce masa don kada mai kula da kaya ta yi mini faɗa kan kwat. Daga nan na tsallaka titi na zauna shan kofi, har da ƙari.

Dolores mai kwalliya ce ta iso bayana, riƙe da kwalbar cakulan ɗin ranar, ko buɗe ta ba a yi ba. Ihunta ne ya fito da ni. Ashe wuƙa aka soka wa Orville a ƙarƙashin haƙarƙari, kuma kafin motar asibiti ta zo rai ya yi halinsa. Likita ya ce da an kira shi minti ashirin kafin nan, da an ɗinke.

Ɗan sandan da ya yi mini tambayoyi ya so ya san ko ban ga launin abin ba. Na gani mana. Ja ne wur. Amma idon da ya shekara sha ɗaya yana lissafin yadda abu zai fito a baƙi da fari ya daina kula da ja. 'Yan sanda sun kama mai gadin otal ɗin, wanda aka ce yana zargin Orville da matarsa, sannan suka sake shi. Sawun takalmi da duk abin da zai kama shi, ni na kora su cikin kwata da hannuna.

A maƙabarta matar Orville, Maxine, ta riƙe hannuna, ta ce ta ji daɗi da ya kasance ni ne a wurin, don ta san ba zan ɓoye mata ba. Ta tambaye ni ko ya sha wahala.

Na ce mata a'a, kamar barci ya yi. Ban taɓa yi wa gidan nan ƙarya ba sai ranar, kuma har yau ina jin kunyar yadda ta yarda nan take.