Kan Baba da Ruwan Zarto

Da misalin ƙarfe goma saura kwata na safe, kan Baba ya maƙale tsakanin ƙarafan baranda a hawa na uku. Ya zura shi ne don ya ga wanda ya ajiye mota a bakin ƙofa. Ya ga mutumin. Da ya zo janyewa, kunnuwa suka tokare.

Ƙarafan aikin mijin 'yarsa ne, mai walda. Baba kuwa shekara talatin da ɗaya ya yi yana jami'in kiyaye haɗurra a wata masana'anta, kuma tun ranar da aka kafa barandar yake cewa tazarar ta yi faɗi. Ƙarfe goma sha ɗaya rana take isowa wannan gefen ginin. Daga nan ƙarfen ba ya taɓuwa.

Mai walda ya hawo da zarton batir, irin wanda ruwansa zobe ne mai haƙora, yana zagaya tayoyi biyu. Ya ɗora shi can ƙasa, nesa da wuyan Baba, ya danna. Zarton ya yi kuka, bai ci ba.

"Injiniya," in ji Baba. Haka yake kiransa in ransa a ɓace yake. "Wannan ruwan ya dakushe. Daga ji na sani."

"Haka ne, Baba. Yanzu zan canza."

"Cire batir!"

Baba ba ya iya waiwayowa, saboda haka titi ya yi wa tsawar. Mai motar da ke ƙasa ya ɗaga kai, ya ga dattijo ya zuba masa ido. Ya buɗe gaban motarsa.

Mai walda ya zare batirin zarton. Baba ya miƙo hannu ta baya ya karɓa. A ƙa'idarsa, ba a taɓa haƙoran inji sai batirin yana hannun wani.

"Auta," mai walda ya kira matarsa, "kawo mini sabon ruwa."

Auta ta kawo ruwa a kofi.

"Ba wannan ba. Na zarto. Yana cikin jakar kayan aiki."

"To ka ce na zarto mana. Baba, za ka sha?"

"Ta ina?" in ji Baba.

Ta ajiye kofin ta koma ciki. Ƙarfe goma da minti ashirin.

Baba ya ci gaba da lissafo matakai yana fuskantar titi. Safar hannu. Tabarau. A sassauta libar da ke ɗame ruwan. A zare tsohon daga tayoyin. A share garin ƙarfen da buroshi, ba da baki ba. Mai walda ya yi duka. A ƙasa mai motar ya ajiye batirinsa a gefen hanya, ya sa safar hannu, yana jiran umarni na gaba. Mutane bakwai sun taru suna taya shi jira.

"Baba, rana ta fara taɓa bango."

"Rana ba ta cikin matakan. Ka share?"

"Na share."

"Sake sharewa. Ban ji ƙarar buroshi sosai ba."

Auta ta kawo sabon ruwan a naɗe. Mijin ya warware shi, ya zura tsakanin 'yan tayoyin da ke riƙe shi, ya ɗora a manyan, ya ɗame libar. Baba ya ba da batirin bayan ya sa an maimaita masa matakan daga farko. Ƙarfe sha ɗaya saura kwata.

Zarton ya tashi lafiya. Minti biyu yana gudu a jikin ƙarfen. Da aka ɗaga, wurin yana ta ƙyalli, ko ƙwarzane babu.

"Injiniya, yanka na ce ko guga?"

"Yanka, Baba."

"Haƙoranka baya suke kallo. Wajen warwarewa ka juya cikinsa waje. Yanzu shafa ƙarfen kake yi kamar mage. Cire batir."

A ƙasa mai motar ya ɗaga nasa sama da hannu biyu, don a shaida ya riga ya cire.

Batirin ya koma hannun Baba. Rana ta sauko kan ƙarfen farko. Kunnen Baba na dama ya yi ja. Baba ya koma mataki na ɗaya.

"Auta," in ji mai walda, gumi na ɗiga daga haɓarsa, "riƙe mini ruwan nan in juya shi."

Auta ta dubi zoben haƙoran, ta dubi agogo, ta ɗauki kofin da ta ajiye tun ɗazu. Ta shiga banɗaki ta fito da sabulu. Ta jiƙa kunnuwan mahaifinta, ta murza har suka yi kumfa, ta kwantar da su da manyan yatsunta.

"Ke Auta, wannan mataki na nawa ne?"

"Ruwa kuka ce tun safe, Baba. Ga ruwa. Ja baya."

Kan ya fito ƙarfe sha ɗaya da minti huɗu. Mutanen ƙasa suka yi tafi. Mai motar ya tambaya ko zai iya mayar da batirinsa.

Baba ya share kumfar da hannun riga. Ya duba tazarar ƙarafan da ɗan yatsa, ya ce ta yi faɗi. Sannan ya zura batirin zarton a aljihu.

"Baba, ina da aiki da shi da rana."

"Ka juya haƙoran?"

"Ai ka fito, Baba."

"Ni na fito. Zarton bai fito ba."

Ya jawo kujera cikin inuwa ya zauna, ya ce a fara daga safar hannu.